Wai salmonela cutar alade ce, ina ruwan mai tsire?

Ɗan Fawa Agege: Assalamu alaikum. Abin nan ya ishe ni. Duk wanda cikinsa ya murɗa a Legas sai a ce tsire ya ci, sai a ce mahauta ba su da tsafta. To masu ilimi da bakinsu sun ce salmonela, ƙwayar cutar nan mai murɗa ciki, cutar alade ce, a jikinsa aka fara gano ta. Ga gonakin aladu nan a bakin iyakar Ogun, ruwan sama na wanko ƙazantarsu zuwa magudanai, ba mai magana. Mu da ko inuwar alade ba ma takawa, mu ake kamawa da laifi. A shafa mana lafiya haka.

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam. Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. A 1885 Theobald Smith ya gano ta a jikin aladu a Amurka, aka raɗa mata sunan maigidansa a wurin aiki, Daniel Salmon. Amma kiran ta cutar alade kuskure ne. Nau'o'inta sun haura 2,500, kuma tana zaune a hanjin kaji, shanu, awaki, ɓeraye, har ƙadangaru. Nau'in Enteritidis ma da ƙwai da naman kaza aka fi saninsa. Saniyar da aka yanka da bisimilla, in wuƙa ta huda hanji wajen fitar da kayan ciki, kashi ya taɓa tsoka, naman ya ɗauka ke nan.

Ɗan Fawa Agege: Ka dai amsa cewa a alade aka fara ganinta. Magana ta ƙare.

Likitan Dabbobi: Inda aka fara ganin ɓarawo ba nan ne gidansu ba, Alhaji.

Maman Rahila: Ni kalmar "ƙazantarsu" ce ta tsaya min. Alhaji, mu ma 'yan Arewa ne, Hausar nan da ita muka tashi, a riƙa tauna magana. Gonar da aka kula da ita ta fi wata kwatar tsafta. Wahalar alade ita ce yakan ɗauki salmonela ba alama, tana laɓe a hanji da maƙogwaro da kaluluwar hanji, sai ya sha wuyar mota ko cunkoso ya fara zubar da ita a kashi. Shi ya sa ake janye masa abinci kamar awa 12 kafin yanka, a bar masa ruwa, don kada hanji ya cika ya fashe a hannun mai fiɗa, kuma ba a barinsa ya daɗe a ɗakin jira tare da na wasu gonakin. A gona kuwa rukuni ɗaya ake shigarwa, a fitar da su tare, a kankare kashi, a wanke da omo, a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ɗakin ya bushe ƙarau kafin sababbi su shigo. Wanda ya watsa magani a kan kashi kuɗinsa ya zubar. Buhunan dusa a ɗora su a kan katako, a toshe ramukan ɓera. Abinci mai tsakin-tsaki ya fi wanda aka niƙe luƙwi aka curo, don yana ƙara tsamin cikin dabbar, ita kuwa salmonela ba ta son tsami.

Mai Tsire Obalende: Hajiya, ko da sabulu kika yi masa wanka najasa ne.

Maman Rahila: Ni ba Hajiya ba ce. Kuma ƙazanta ya ce, bai ce najasa ba.

Mai Tsire Obalende: Duk ɗaya ne, Jumma ce ta zama Jummai.

Malam Na Idi-Araba: Ba ɗaya ba ne, ɗana. Najasa hukuncin shari'a ne, ƙazanta kuwa abin da ido da hanci ke ƙi. Naman alade haramun ne a kanmu, wannan ba gardama a kai. Amma a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da akuya, mai tsarki ne muddin ba najasa take ci ba. Ga shi kuwa likita ya ce a cikin wannan kashin ƙwayar take. Ashe tsarkin salla daban, tsaftar kututturen sara daban.

Mai Tsire Obalende: Allah gafarta Malam, da kai ake kare alade yau?

Malam Na Idi-Araba: Ka sake karantawa a hankali.

Direban Alaba Rago: Ku bar wannan. Taifod da ta addabi Legas daga ina take? Salmonela ce ai. Kuma a 2020 aladu ba su yi ta mutuwa a Oke-Aro ba?

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: Yaya, abu uku ka cura wuri ɗaya. Taifod nau'in Typhi ke kawo ta, shi kuwa a jikin ɗan Adam kaɗai yake zama. Daga bayan gidan mutum zuwa ruwa ko abincin wani, ba alade ba saniya a tsakani. Wadda ake ɗauka daga nama takan taso awa 12 zuwa 36 bayan ci, wani lokaci tun daga awa 6, da gudawa da murɗar ciki da zazzaɓi, wani da amai, ta lafa cikin kwana 2 zuwa 7. Maganinta na farko ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jariri, tsoho, mai ciki, mai sikila, ko wanda ya ga jini a bayan gida, asibiti kai tsaye. A daina afka wa kafso daga kemis. Gwajin Widal ɗaya kuma ba ya tabbatar da taifod, sai an shuka jini an ga abin da ya tsiro.

Likitan Dabbobi: Na Oke-Aro kuwa zazzaɓin aladu na Afirka ne, bairos ne, ba ya kama mutum, ba shi da dangantaka da salmonela.

Direban Alaba Rago: Ku dai 'yan boko ba a cin ku gardama.

Mai Tsire Obalende: To duk ma mene ne, wuta ba ta barin komai. Tsire a kan garwashi yake gasuwa.

Likitan Dabbobi: Wuta tana kashe ta in zafin ya kai tsakiya. Yankan naman sa ko na alade digiri 63 a tsakiyarsa, a bar shi ya huta minti 3. Niƙaƙƙe 71, kaza 74. Siririn tsire yakan kai haka. Inda ake faɗuwa bayan gashi ne: gasasshe ya koma farantin da ɗanye ya zauna, wuƙa ɗaya ta yanka ɗanyen kaza ta yanka albasa da kabeji, hannu ɗaya ya tsira nama ya shiga kwanon yaji. Sannan a jera shi gefen wuta yana ɗumi-ɗumi tun la'asar har sha biyun dare. Tsakanin digiri 5 da 60 take hayayyafa. Awa biyu ce iyakar barin gasasshen nama a haka, in zafin gari ya wuce 32 awa ɗaya. Firiza ba ta kashe ta, kwantar da ita kawai take yi, ranar da aka ɗauke wuta naman ya saki ta ci gaba. A kwata wuƙa biyu ake so, ɗaya na aiki ɗaya na cikin ruwa mai digiri 82, a ɗaure ƙarshen hanji kafin a zaro shi, a rataye nama kada ya taɓa ƙasa. Katako da tebur a wanke da omo tukuna, sannan ƙaramin cokali ɗaya na bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari a lita ɗaya na ruwa, a bari ya bushe da kansa. Tsumman nan guda da ake goge komai da shi, shi ne babban dillali.

Mai Tsire Obalende: Ma'aunin zafi a teburin mai tsire? Kakanninmu da ido suka gasa. Kuma tsumma na 'yan balangu ne, mu takarda muke sawa.

Ɗan Balangu Mile 12: Kai, kiyaye bakinka. Wa ke ɗumama na jiya ya barbaɗa ƙuli ya ce sabo ne? Balangu a gabanka ake yankowa daga kan wuta.

Mai Tsire Obalende: Da man da ya kwana uku a gwangwani ba.

Ɗan Balangu Mile 12: Zo Mile 12 ka maimaita.

Maman Rahila: Har yanzu Alhaji bai janye kalmarsa ba.

Shugaban Zaure: To, a tsaya haka. Abin da aka fahimta: likita da kansa ya tabbatar a jikin alade aka gano cutar, kuma ya tabbatar wuta tana kashe ta, saboda haka a daina ɗora wa mahauta da masu tsire laifi. Malam ya ce alade haramun ne. Sauran bayanan wuƙa da katako, mai buƙata ya bi likita ta bayan fage. Maman Rahila a yi haƙuri, Alhaji babba ne. Batun man gwangwani kuwa na goge, duk wanda ya sake tayar da shi zan cire shi.

Likitan Dabbobi: Ranka ya daɗe, ba haka na ce ba.

Shugaban Zaure: An rufe.