Jerin littattafan The Dark Tower na Stephen King: ya cancanci a bi shi har ƙarshe?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na karanta littattafan ban tsoro na King, The Shining da It, shi ya sa na ɗauki The Gunslinger, littafin farko na jerin The Dark Tower, da zaton zan sami irin wancan tsoron. Abin da na tarar shi ne labarin wani ɗan bindiga mai suna Roland da yake bin sawun wani mutum mai baƙaƙen tufafi a cikin hamada, labarin kuma yana tafiyar hawainiya, ba a ma bayyana wace irin duniya ce ba. Ku da kuka kai ƙarshe, shin na gaba sun fi wannan armashi, ko in haƙura tun yanzu?

Yaya Mai Karatu:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yanke hukunci da na farko. King ya fara rubuta shi a 1970 yana matashi, bai fito a matsayin littafi ba sai 1982, har ma ya sake gyara shi a 2003 domin ya dace da sauran. A na biyu, The Drawing of the Three na 1987, labarin yake kankama, domin Roland yana tarar da wasu ƙofofi a bakin teku waɗanda kowace take buɗewa zuwa birnin New York a wani zamani dabam. Ta nan ya jawo Eddie Dean, matashin da shan ƙwaya ya ɗaiɗaita, da kuma Odetta Holmes, wadda ta rasa ƙafafunta kuma take ɗauke da halaye biyu masu gaba da juna. Idan ka gama wannan bai kama ka ba, to ka ajiye, babu laifi.

Malamin Adabi:
Na yarda da Yaya game da na biyu, amma ina da ƙorafi kan littattafai uku na ƙarshe. A watan Yunin 1999 mota ta buge King yana tafiya a gefen hanya a jihar Maine, ya sha da ƙyar, bayan haka ne ya fitar da na biyar, Wolves of the Calla, a 2003, sannan na shida da na bakwai, Song of Susannah da The Dark Tower, duka a 2004. A ganina gaggawar ta bayyana a rubutun. Mutumin da ya shafe shekaru shida tsakanin na uku da na huɗu, sai ga shi ya kammala uku a jere, ya kuma saka kansa a cikin labarin a matsayin marubucin da taurarin suke zuwa nema. Wannan dabara ta raba kan masu karatu ƙwarai, ni dai ba ta gamsar da ni ba, haka nan miyagun da aka daɗe ana zuzuta ƙarfinsu sun faɗi cikin sauƙin da bai dace da su ba. Wanda na fi so shi ne na huɗu, Wizard and Glass na 1997, inda aka koma ƙuruciyar Roland da soyayyarsa da Susan Delgado.

Bakatsiniya:
Malam, da girmamawa, ni Wizard and Glass ne ya fi gajiyar da ni, domin an tsayar da tafiyar ana ba da labarin baya na ɗaruruwan shafuka, alhali hankalina yana kan hasumiyar da Roland yake nema, wato Dark Tower ɗin. Shigar King cikin labarin kuwa ban ga aibinta ba, tunda tun farko an gina jerin ne a kan cewa duniyoyi da yawa suna haɗe da juna. Ɗan Zazzau, ka karanta 'Salem's Lot kafin na biyar, saboda Callahan, wani limamin coci da za ka tarar a na biyar ɗin, daga can ya fito. The Wind Through the Keyhole na 2012 kuma ka bar shi sai ka gama bakwai ɗin, ko da yake abin da ke cikinsa ya faru ne tsakanin na huɗu da na biyar. Fim ɗin 2017 da Idris Elba ya fito a ciki kada ka auna littattafan da shi, ya cakuɗa su ne cikin minti 95.

Ɗan Zazzau:
Na gode ƙwarai. Zan nemi na biyu, amma ina roƙon kada kowa ya faɗa mini abin da Roland ya tarar a saman hasumiyar.