Tambaya: yaya zan dawo da marasa lafiyar da suka daina karɓar magani?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Ina aiki a sashen masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV a wani asibiti a Kano, kuma akwai matsalar da ta hana ni barci. Wasu samari da suka amince suka gaya mini cewa suna tarayya da maza 'yan'uwansu sun daina zuwa karɓar maganin rage kaifin cutar. Ɗayansu ya ce ya hango maƙwabcinsa a kan bencin jira, sai ya juya da katinsa a aljihu, kuma tun daga ranar lambarsa ba ta shiga.

Tsoronsu yana da dalili, domin tun da aka sa hannu a dokar haramta auren jinsi ɗaya a Janairun 2014, da yawa suna ganin asibiti ma ba mafaka ba ne. Amma wanda ya katse magani, ƙwayar cutar tana ƙaruwa a jininsa, tana iya bijire wa maganin, kuma yana iya yaɗa ta, har ga matar da zai aura.

Na gwada ba su maganin wata uku a lokaci ɗaya, bai wadatar ba. Don Allah, wace hanya kuka bi kuka isar musu da magani ba tare da an tona musu asiri ba?