Cinyata ba ta riƙe sanda, ƙafa kuma ta ƙi miƙewa: ta ina zan fara?

Sabuwar_Ɗaliba:
Barkanmu da warhaka 'yan'uwa. Makona uku ke nan da na fara motsa jiki a kan sandar ƙarfe da aka kafa a tsaye, wadda ake hawa ana juyi a jikinta, mai kaurin milimita 45. Abu biyu sun tsaya mini. Idan na zo zama a kan sanda, wato in matse ta tsakanin cinyoyina, sai in sulale ƙasa kafin in ƙirga uku, ga zafi a cikin cinya. Sannan in na ɗaga ƙafa, gwiwa ba ta miƙewa. Shin sai na iya ware ƙafafuwa har ƙasa kafin in ci gaba? Don Allah ina neman tsarin da zan bi a gida.

Malama_Hauwa:
Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa. Ki cire maganar ware ƙafa har ƙasa daga ranki tukuna. Zama, hawa da juyin farko duk ba sa buƙatarta. Abin da suke nema shi ne ƙarfin tsokar cikin cinya, wadda ke matse sanda, da na gaban ƙugu, wadda ke ɗaga ƙafa.

Kada ki taɓa jan tsoka tana sanyi. Ki fara da minti 5 zuwa 10 na tafiya da sauri ko tsalle a wuri ɗaya har jiki ya yi ɗumi, sannan ki kama bango ki riƙa lilo da ƙafa, gaba da baya sau 10, gefe da gefe sau 10, kowace ƙafa.

Daga nan sai aikin ƙarfi, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani:

1. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ki sa matashi tsakaninsu. Ki matse shi, ki ɗaga ƙugu sama, ki riƙe daƙiƙa 5, ki sauko a hankali. Sau 12, zagaye uku. Idan bayanki ne ke ciwo maimakon mazaunai, kin ɗaga ya wuce kima.
2. Ki zauna a ƙasa ƙafafuwa a miƙe, tafin hannu a ƙasa gefen gwiwa. Ki ɗaga ƙafa ɗaya ba tare da kin lanƙwasa gwiwa ko kin kwanta baya ba. Ko tsawon yatsa ɗaya ta tashi ya isa. Sau 8 kowace ƙafa. Gaban cinya zai iya ɗaurewa a makon farko, ki girgiza shi ki ci gaba.
3. Tsugunno sau 12, ƙafafuwa a buɗe fiye da faɗin kafaɗa, dunduniya a ƙasa, gwiwa tana bin saitin yatsun ƙafa, kada ta faɗa ciki.
4. Ɗage a kan yatsun ƙafa sau 15, don sha-raɓa da idon sawu.

Na biyun nan shi ne maganin gwiwar da ta ƙi miƙewa. Da yawa suna iya jawo ƙafa da hannu har kusa da fuska, amma da sun saki sai ta faɗo. A kan sanda hannuwanki suna can suna riƙo, ba mai ɗaga miki ƙafa sai tsokarta.

Kocin_Sanda:
Duk abin da Malama ta faɗa haka yake, sai dai ina ganin rabin matsalar sulalewar ba ta ƙarfi ba ce. Fata ce ke kama ƙarfe. Dogon wando, man shafawa ko gumi, kowanne zai zubar da ke ko da cinyarki ta kai dutse ƙarfi. Ranar atisaye kada ki shafa mai, ki sa gajeren wando, ki goge sanda da tsumma da ɗan sifirit.

Sai yadda kike zama. Sanda ta shiga can saman cinya, inda nama ya fi yawa, ba kusa da gwiwa ba. Ki ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sannan ki karkata ƙugu gefe guda, ɗaya ya fi ɗaya sauka. Wannan karkatar ce ke kulle fata da ƙarfe. Mai zama a miƙe sak ita ce ke sulalewa. Ki fara gwadawa daga tsaye, yatsun ƙafa na kusa da ƙasa, hannu biyu a kan sanda, ki riƙe daƙiƙa 5, a hankali ki kai 15. Zafin fata da ɗan tabon da ke fitowa suna raguwa bayan 'yan makonni. Wajen hawa kuma, ƙwauri da saman ƙafa ne ke manne wa sanda, ɗaya ƙafar ta rufe sandar ta gaba, gwiwoyi su matse. Ki riƙa canja ƙafar da ke sama, kar gefe ɗaya ya bar ɗaya a baya. A shimfiɗa katifa a gindin sanda kafin a hau.

Mai_Gashin_Ƙashi:
Bari in ƙara kan miƙa tsoka, don a nan ma ana jin rauni. Doguwar miƙa ta tsayawa cik a bar ta sai ƙarshen atisaye. Kowace ki riƙe daƙiƙa 30, sau biyu zuwa uku, kina numfashi, ba tare da kina dannawa kina saki kamar roba ba.

Bayan cinya: ki kwanta rigingine, ki rataya tawul a tafin ƙafa, ki jawo ta sama gwiwa a miƙe, ƙugu na ƙasa. Ya fi sunkuyawa daga tsaye, domin a sunkuye yawanci baya ne ke lanƙwashewa, cinyar ba ta samu komai ba. Gaban ƙugu: ki durƙusa a gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar a gaba, ki matse mazaunai tukuna kafin ki matsa gaba. In ba ki matse ba, ƙashin baya ne zai gantsare. Cikin cinya: ki zauna ki haɗa tafin ƙafafuwa, ki bar gwiwoyi su sauka da nauyinsu, kada kowa ya danne miki su.

Ki kula da inda kike jin jan. Tsakiyar tsoka, daidai ne. Amma zafi mai tsini a ƙasan mazaunai, daidai ƙashin da ake zama a kai, alama ce jijiyar da ke haɗa tsokar bayan cinya da ƙashi ta fara gajiya, kuma tana daɗewa kafin ta warke. Ki daina jan wurin. Haka ma zafi a cikin gwiwa, ko ƙafa ta riƙa yin tsam kamar lantarki. Tsamin jiki na atisaye yakan tsananta a kwana na biyu, ya lafa cikin kwana uku zuwa biyar. Wanda ya wuce mako, ko ya zo da kumburi, na likita ne.

Sabuwar_Ɗaliba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ashe mai nake shafawa kullum kafin in fara. Malama, aikin ƙarfin nan a ranar hawa sanda zan yi shi ko a wata rana?

Malama_Hauwa:
In kina hawa sau biyu a mako, ki yi shi bayan kin sauko a ranakun biyu, sai ki ƙara rana ɗaya daban. Kada ki yi shi kafin hawa, don cinyar da ta gaji ba ta matse sanda. Bayan mako huɗu, in sau 12 ya zama wasa, ki ƙara riƙon matashin zuwa daƙiƙa 10.