Neman shawara: Baba ya daina fita tun rasuwar Mama

Autar Baba: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema a kan mahaifina. Shekararsa 74, ya daɗe da yin ritaya, Mama kuma ta rasu bara. Tun daga nan ya rage magana, wuni yake yi a ɗaki, in an tambaye shi ya ce lafiya lau. Shekaranjiya aka sako wata tsohuwar waƙa a rediyo, sai na ga yana buga yatsa a hannun kujera yana bin baitin a hankali. Da ta ƙare ya ba ni labarin aikinsa na farko, labarin da ban taɓa ji ba. Shi ne nake tunanin haɗa shi da tsaransa su riƙa sauraron waƙoƙin zamaninsu tare. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ma'aikaciyar Jinya: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama. Ƴar'uwa, kada ki ɗauki zaman ɗakin nan da wasa. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar rashin cuɗanya da mutane da shan karan sigari har 15 a rana, a shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti musamman a kan matsalar. Abin da kika gani a kujerar nan ma masana sun san shi: mutum ya fi riƙe abin da ya faru da shi tsakanin shekara 10 zuwa 30, waƙa kuwa tana jawo wannan zamanin da sauri. Ki nemo waɗanda ake yayi yana saurayi.

Ɗan Fasaha: Anti, ki tara masa waƙoƙin a waya, ki saya masa abin saurare na kunne. Akwai ƙungiyar Playlist for Life da aka kafa a Sikotland a 2013, aikinsu ke nan: haɗa wa masu cutar mantuwa jerin waƙoƙin rayuwarsu.

Dattijo Mai Ritaya: Yaro, jerin waƙoƙin na yarda da shi, abin kunnen ne ban yarda ba. Mutumin da kaɗaici ke ci ka toshe masa kunne, ai ka ƙara masa ƙofa a kan ƙofa.

Ƴata, ni na shiga halin da babanki ke ciki, bari in faɗa miki yadda muke yi. Mu shida ne, rana ɗaya a mako, lokacin ba ya canzawa. Kowa yana zuwa da waƙa ɗaya. In aka kunna ba mai magana sai ta kai ƙarshe, sannan mai ita ya faɗi inda ya fara jin ta da wanda suke tare. Daga nan hira take ɓarkewa da kanta. Akwai ɗayanmu da ya yi mako uku yana zuwa bai ce uffan ba, muka ƙyale shi. A na huɗu ya zaro kaset naɗe cikin hankici, sunan waƙar a jiki da rubutun hannun marigayiya matarsa. Ya yi kuka ranar, ba wanda ya ce masa ya yi shiru, ba wanda ya kashe na'ura. Yanzu shi ke riga kowa zuwa ya jera kujeru.

Babban abin da zan ja kunnenki a kai: kada ki ce masa an shirya zaman ne don yana cikin kaɗaici. Wallahi ba zai je ba, ni ma da haka aka ce min da ban je ba. Namiji da ya shekara hamsin ana dogara da shi ba ya son a mayar da shi abin tausayi. Ki ce masa ana neman wanda ya san waƙoƙin da, ya zo ya taimaka. Kuma ki ba shi aiki na gaske, ko riƙe littafin da ake rubuta waƙar kowa ne.

Yaya Babba: Maganar Dattijo gaskiya ce. Ƙungiyoyin Men's Shed (inda maza ke haɗuwa suna aikin hannu tare) da suka faro a Ostareliya a kan wannan fahimtar suka ginu: maza sun fi sakin baki in suna kafaɗa da kafaɗa a kan wani abu, ba ido cikin ido ba. Don haka ku jera kujerun suna fuskantar na'urar. Sati biyun farko kuma a je a ɗauko shi, fitar farko ce ke da nauyi.

Ma'aikaciyar Jinya: Na manta batun kunne. Tsufa yana fara cinye siraran sautuka, shi ya sa dattijo ke jin ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomin, balle in kiɗa na tashi a baya. In za a yi hira a kashe waƙar gaba ɗaya. Sannan idan kin ga ya rage cin abinci, barci ya ƙi, ko yana ramewa, ki kai shi ya ga likita, don cutar damuwa tana ɓuya a bayan irin wannan shirun.

Autar Baba: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi wa Baba magana yadda Dattijo ya ce. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai ya sa na sauko masa da wani akwati daga saman kabad, cike da kaset. Yana zaune yanzu yana goge su ɗaya bayan ɗaya. Na'urar ce ba mu da ita.

Dattijo Mai Ritaya: Ki tambayi tsofaffin abokan aikinsa, ba za a rasa mai ita ba. Wanda kika samu, ki ce ya kawo ta da kansa.