Neman shawara kan canjin launin dasashin mahaifiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda. Dasashin mahaifiyata baƙi-baƙi ne tun tana yarinya, kuma na san wannan halitta ce ga baƙar fata da yawa. Amma wata biyu ke nan gindin haƙoranta na ƙasa ya yi ja ya kumbura, har asuwakinta kan fito da jini idan ta goge baki kafin sallar asuba, sauran dasashin kuma ya koɗe kamar na mai ƙarancin jini. Mun gwada kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ba mu ga sauyi ba, ga shi tana da ciwon suga, wanda ke tsananta kumburin dasashi. Shin likitan haƙori ya kamata mu fara gani, ko gwajin jini?