Wace kalmar Hausa za mu ba wa "simulation"?

Jama'a, ku taya ni. Mako uku ke nan ina gyara wani ɗan jagora da na rubuta wa ɗalibaina a kan WRF, manhajar nazarin yanayi da cibiyar NCAR ta Amurka ke kula da ita. Umarnin da ake bugawa duk lafiya lau suke. Tun shafin farko yaran ke cijewa, inda na bar kalmar "simulation" da Turancinta. Wata ɗaliba ta nuna min taswirar da ke fitowa a ƙarshe, ta ce, "Malam, wannan hoton ne abin?" Laifin nawa ne, ban ba ta kalmar da za ta riƙe ba.

Ga abin da manhajar ke yi. Tana yanka sararin sama zuwa ƙananan akwatuna, a ce kowanne faɗin kilomita 10. Kowane akwati da zafinsa, da danshinsa, da gudun iskarsa. Sai ta bi dokokin fizik ta lissafa yadda kowanne zai kasance bayan daƙiƙa 60, ta ɗora a kan wannan ta sake, har sau 1,440 kafin ta cinye yini guda. Ba hadari ta gani ba, bin sawunsa take yi da lambobi, taki-taki.

An ba ni "hasashe". Ban karɓa ba, domin hasashe gaba yake kallo, alhali ana iya komawa a bi daminar bara don a gano abin da ya kawo ambaliya. Masu amfani da GROMACS, wata manhajar da ita ma "simulation" take yi, kuma motsin ƙwayoyin furotin suke bi, ba ruwansu da gobe. "Gwaji" ya riga ya yi mana aiki a ɗakin bincike. "Kintace" kuwa zai sa yaro ya zaci canki-canka ake yi.

Ni dai zuciyata ta kwanta da "kwaikwayon lissafi".

Malamar da ta yi min gyara a kan wannan kalma, na ga maganarki, cewa da an ce kwaikwayo hankalin mutane zai tafi ga wasan kwaikwayo, su raina abin. Da gaskiyarki, na ma kwana da maganar. Amma tun kafin a yi dandamali, yaro yana kwaikwayon tafiyar babansa, kuma ma'anar da muke nema ke nan: a bi halin abu sau da ƙafa ba tare da an zama shi ba. Ga wani amfanin: kalmar tana ba mu aikatau. Za mu ce "mun kwaikwayi daminar 2012", harshe bai sarƙe ba. A gwada hakan da "kwatance" a ji yadda ma'anar ke zamewa.

Akwai kalma ta biyu da na nema wa Hausa, ita ta fi faranta min rai. Idan ka rage akwatin daga kilomita 10 zuwa 5, akwatuna sun ninka huɗu, yawan takun ya ninka biyu, aiki ya zama ninki takwas. Kwamfuta ɗaya ba za ta iya ba, dole a raba wa ɗaruruwa su yi a lokaci guda. Turawa suna kiran wannan "parallel computing". Mu kuwa ai mun san shi tun a gona: gayya ce. Kowa ya kama kunyarsa, ana tafiya tare, wanda ke gefenka kuna yi wa juna magana a kan iyaka don kada a bar rata. Haka injinan ke musayar bayanan gefen yankunansu ta ƙa'idar MPI, wadda aka fitar a 1994. Tun a 1922 Lewis Fry Richardson na Ingila ya yi tunanin tara mutum 64,000 a zaure ɗaya, kowa da yankinsa na duniya, suna lissafin yanayi da hannu. Gayya ya kira, injin ne bai zo ba tukuna.

Da na sa "lissafin gayya" a jagorar, har dokar Amdahl ta 1967 ta zo da sauƙi. Na rubuta cewa idan kashi 5 cikin 100 na aikin mutum ɗaya ne kaɗai zai iya yinsa, to ko garin duka ka gayyato, saurin ba zai wuce ninki 20 ba. Kuma ba a ɗaga taki na gaba sai mai nawa ya iso bakin kunya. Ɗaliban da suka taɓa riƙe fartanya ba su nemi ƙarin bayani ba.

Ɗan'uwa da ya ce a bar kalmomin da Turanci tunda da shi ake buga umarni: umarnin yana nan, ban taɓa harafi ɗaya ba. Bayanin da ke kewaye da shi nake so yaro ya karanta da harshen da yake tunani.

Yanzu layin farko na jagorar ya koma: "A wannan darasi za mu kwaikwayi yanayin yini guda ta hanyar lissafin gayya." Kowane "core", wato ɗan sashen kwamfuta da ke yin lissafi, na kira shi ɗan gayya. Saura "node", wato injin da ke ɗauke da 'yan gayya da yawa suna amfani da ma'adanar bayanai ɗaya. Na rubuta "rumfa" da fensir, ban yanke ba. Malama, me kika gani?