Rubutu, fitowa a fim da ba da umarni: in haɗa duka ko in saki biyu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Shekarata 26, tela ne ni a Katsina. Tun ina sakandare nake wasan daɓe, na kuma rubuta labarai uku da nake sakewa shafi-shafi a WhatsApp. Bara wani furodusa ya karɓi ɗaya, ya ba ni dubu talatin. Da fim ɗin ya fito ko sunana babu, ƙarshen labarin ma an canza shi. Abin ya ci min rai ƙwarai. Yanzu na ɗan tara kuɗi, ina so in yi gajeren fim na minti 20 in ɗora a YouTube: ni na rubuta, ni zan ba da umarni, ni zan fito jarumi. Yayana ya ce taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ni kuma duk wanda na yi niyyar ajiyewa sai in ji kamar an ce in yanke hannu. Don Allah waɗanda suka riga ni shiga harkar nan ku ce wani abu.

Tsohon ɗan wasa daga Kano:
Wa alaikumus salam ɗana. Haɗa sana'o'in nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da aka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne suka yi shi, kuma a wancan zamanin mutum ɗaya kan rubuta, ya fito, ya ɗauki fitila idan ta kama. Dubi Ado Ahmad Gidan Dabino: marubuci ne, ɗan wasa ne, mai shirya fim ne, har ya samu lambar girmamawa ta ƙasa a 2014. Amma da littafi aka fara saninsa. Sai da In Da So Da Ƙauna ya shiga gidaje, sunansa ya zauna, sannan aka mai da shi fim. Abin da nake ji maka tsoro shi ne yin ukun a rana ɗaya, a fim ɗinka na farko. Idan kana gaban kyamara kana kuka, wa zai ce maka kukan bai yi ba? Yaran da ka tara ba za su faɗa maka ba, tunda kai ke biyan kuɗin abinci.

Mai ɗaukar hoto:
Baba ya gama magana. Na sha yin aiki da darakta da ke fitowa jarumi. Ana gama fitowa sai ya rugo ya duba abin da aka ɗauka, a sake, ya sake rugowa. Aikin kwana biyu ya koma biyar, kuɗin hayar kaya na ta hawa, rana ta juya hasken ya canza. Kuma malam, ka ware kuɗin sauti tun yanzu. Mai kallo a waya zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar bai ji magana ba ya wuce.

Ɗan'uwa daga Maraɗi:
Bari in ba ka misalin namu na Nijar. Umaru Ganda ya yi sojan Faransa a yaƙin Indocin (yankin Vietnam), ya dawo yana aikin ƙarfi a Abijan, can ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch ya fito a fim ɗinsa na 1958. Sai bayan kusan shekara goma ya ba da umarnin nasa na farko, a kan rayuwar tsohon soja, shi ne kuma jarumin. A 1972 ya lashe babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu. Ka ga ya haɗa, amma bayan ya daɗe yana kallon yadda ake yi. Usman Semben na Sanigal kuwa littattafai ya fara rubutawa yana ɗan dako a tashar jirgin ruwa ta Marsai a Faransa. Da ya lura yawancin mutanensa ba sa iya karanta abin da yake rubutawa, ya tafi Mosko koyon fim yana dab da shekara 40. Yakan fito a finafinansa, amma a ƙaramin matsayi, ya bar wa wasu jarumta. Kai da kake 26, gaggawar me kake yi?

Marubuciya daga Zariya:
Ƙanena, ni abin da na hango daban ne. Anya ba zafin abin da furodusan nan ya yi maka ne ya sa kake son riƙe komai ba? Maganin wannan takarda ce. Kada ka ƙara ba da labari sai da yarjejeniya a rubuce: nawa za a biya, ina sunanka zai fito, wa ke da ikon taɓa ƙarshen labari, da shaidu biyu. Ni ma an taɓa yi min haka, na yi wata uku ban rubuta ko layi ɗaya ba. Ka riƙe alƙalaminka da kyau, shi ne abin da ba ya buƙatar hayar kaya.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai kada ka saki keken ɗinkin nan. YouTube ba ya fara biya sai ka tara mabiya da awannin kallo, kuma hakan na ɗaukar lokaci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, maganarki ta taɓa ni, don gaskiya haushin na nan. Na yanke shawarar ba abokina jarumta, ni in tsaya bayan kyamara, in fito a matsayin direban mota, fitowa biyu kacal. Zan kuma rage fim ɗin zuwa minti 10. Baba, idan da hali ina so in turo maka rubutun ka duba min kafin mu fara gwaji bayan salla.

Tsohon ɗan wasa daga Kano:
Turo shi. Amma kafin nan ka tara yaran ku karanta shi da baki daga farko har ƙarshe, duk layin da ya yi wa harshensu nauyi ka ja masa layi, da shi za mu fara.